Wasan Da Ake Mutuwa Sau Ɗari Kafin A Ci: Muhawarar Elden Ring Daga Japan Zuwa Sarkin Yamma

A watan Maris na 2023, shekara guda bayan fitowar wasan bidiyon Elden Ring, kamfanin Bandai Namco mai dillancinsa ya fitar da alƙaluman da suka sa mutane riƙe baki. Ya ce ƴan wasa a faɗin duniya sun mutu a cikin wasan fiye da sau biliyan 9. Wata mayaƙiya guda, Malenia, mai hannun ƙarfe da zungureren takobi, an tunkare ta sau miliyan 329, kuma akasari ita ke tashi da nasara.

Kamfanin da alfahari ya faɗi wannan. Masu saye kuma ba su gudu ba. Wasan ya fito ranar 25 ga Fabrairu, 2022, kafin mako uku an sayar da kwafi miliyan 12. Ya lashe kambun gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2022, zuwa Afrilun 2025 kuma cinikinsa ya haura miliyan 30. Sai dai tun ranar farko gardama ke biye da shi. Wasu na cewa wahalar ita ce gishirin wasan. Wasu na cewa ƙofa ce aka rufe wa jama'a da gangan.

An tafka wannan gardama a Tokyo, a Landan, a New York. Tana da wata fuskar kuma idan aka kalle ta daga Sarkin Yamma, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, daf da birnin Maraɗi a Nijar. Nan ƙasar gero ce da dawa da wake, da lambunan zogale a fadamar Gulbi. Samarinta suna buga gem kamar sa'o'insu na ko'ina, a salula da daddare ko a ɗakin gem idan sun shiga birni. Abin da ya bambanta shi ne farashin kowace mutuwa.

Yadda wasan yake

Elden Ring na cikin wasannin da mutum ke ƙera jaruminsa da kansa. Shi zai zaɓi kamanninsa, makaminsa, da ko zai dogara ga ƙarfin damtse ko tsafi ko kwari da baka. Daga nan a sake shi cikin wata ƙasa mai faɗi wadda sarautarta ta rushe. Marubucin Amurka George R. R. Martin, wanda aka gina shirin Game of Thrones kan littattafansa, shi ya tsara tsohon tarihin ƙasar. Ba a nuna wa ɗan wasa hanya da kibiya, ba a kuma tambaye shi ko yana son mai sauƙi ko mai tsanani. Mataki ɗaya ne ga kowa.

Duk maƙiyin da ya kashe yana samun runes, wato kuɗin wasan, da su ake ƙara jini da ƙarfi. In aka kashe shi, kuɗin gaba ɗaya su zube a inda ya faɗi. Yana da dama guda ya koma ya kwashe. In aka sake kashe shi a hanya, sun tafi har abada. Kowane sara, kowane tsalle, kowace kaucewa na cin numfashi, kuma wanda ya yi ta kai sara babu lissafi zai wayi gari jaruminsa ya tsaya yana haki a gaban takobi.

Da fitowa fili na farko, ɗan wasa zai hango wani barde cikin sulken zinariya a kan doki. Sabon shiga yakan ɗauka dole ne ya yaƙe shi, barden kuwa ya gama da shi da sara biyu ko uku. Darasin da ake so ya koya shi ne ya kewaye, ya je ya yi ƙarfi, ya dawo. Gaba kaɗan, a bakin gadar shiga ganuwar Stormveil, akwai Margit, bos na farko, wato babban maƙiyi, da ke tare hanya. Yakan ɗaga sandarsa sama ya riƙe, ya riƙe, har sai ɗan wasa ya ƙosa ya yi tsalle gefe, sannan ya sauke masa ita a ka. Alƙaluman kamfanin sun ce an kara da shi sau miliyan 281. A gabansa ne mutane da yawa ke yanke shawarar ko su ci gaba ko su ajiye manet.

Mutumin da ya ƙera wahalar

Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya yi wasan, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. A Shizuoka ya tashi, a gidan da ba su da hali. Ya sha ba da labarin yadda yake aro littattafai daga laburare, wasu sun fi ƙarfin karatunsa, inda bai gane ba sai ya dubi hotuna ya cike gurbin da tunaninsa. Haka yake ba da labari a wasanninsa har yau, gutsure-gutsure, sauran ɗan wasa ya haɗa da kansa. Ya yi aiki a kamfanin Oracle, sai a 2004, yana ɗan shekara 29, ya koma FromSoftware. A 2014 ya zama shugaban kamfanin.

Wasansa na farko a wannan salo, Demon's Souls na 2009, aiki ne da aka riga aka fid da rai da shi kafin ya karɓa. Shuhei Yoshida, babban jami'in Sony a lokacin, ya buga shi na kimanin sa'o'i biyu ya ga bai ci gaba ba, ya yanke cewa wasan ba shi da kyau. Sony ta ƙi dillancinsa a wajen Asiya, kamfanin Atlus ya kai shi Amurka, ya kuma karɓu. Daga baya Yoshida ya amsa cewa sun yi kuskure. Sai Dark Souls ya biyo baya a 2011, Bloodborne a 2015, Sekiro a 2019.

Miyazaki ya sha faɗa wa ƴan jarida cewa shi kansa ba gwani ba ne, yana mutuwa sosai. Burinsa, in ji shi, mutum ya ɗanɗani farin cikin tsallake abin da ya ɗauka ba zai iya ba, kuma in aka rage wahalar, farin cikin zai ragu tare da ita.

Ra'ayi uku

Masu goyon bayansa su ne suka fi amo. Hujjarsu ita ce wasan yana da tsanani amma ba ya zalunci. Kowane bos yana da alamar da yake nunawa kafin ya kai hari, ɗaga kafaɗa, ko taku, ko walƙiyar makami. Wanda ya mutu sau ashirin a gaban Margit ya haddace shi ba tare da ya sani ba, a karo na ashirin da ɗaya yatsunsa ne ke kaucewa kafin ƙwaƙwalwa ta ba da umarni. Sun kuma ce tunda mataki ɗaya ne, duk wanda ya ce ya kayar da Malenia, kowa ya san abin da ya sha.

Mutumin Maraɗi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Garin da filin kokowarsa ke ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin ƙasa na farko a Tawa a 1975, ya san cewa kaye ɗaya ke raba gardama, ya kuma san cewa wanda aka kayar bana yakan koma gida ya nazarci kamun da aka yi masa, ya dawo baɗi.

Ɓangare na biyu suna cewa duk wannan gaskiya ne, amma ga wa? Gardamar ta yi zafi a 2019 bayan fitowar Sekiro, lokacin da wani marubuci a mujallar Forbes ya nemi a saka matakin sauƙi. Masu fafutukar haƙƙin naƙasassu, irin su Steve Spohn na ƙungiyar AbleGamers a Amurka, suka ja hankali ga mutanen da hannunsu ba ya iya danna maɓalli cikin ƙiftawar ido komai naci. Ga kuma magidanci ko uwa mai sa'a guda a mako. Suna kafa hujja da Celeste na 2018, wasa mai wuyar gaske da ya bar mutum ya rage gudun wasan in ya so, da The Last of Us Part II na 2020 mai zaɓuɓɓukan sauƙaƙawa fiye da 60. Tambayarsu ita ce: in wani ya buga mai sauƙi a ɗakinsa, me ya rage wa gwani?

Ɓangare na uku suna ganin sauƙin yana nan, ɓoye shi aka yi a cikin wasan. Ana iya barin bos a tafi wani yanki a ƙara ƙarfi. Ana iya kiran ruhohin mayaƙa su taya faɗa, cikinsu har da wanda ke kwaikwayon jarumin ɗan wasa da makamansa. Ana iya kiran wani ɗan wasa ta intanet. A nan kuma wata sabuwar rigima ta ɓullo, domin akwai masu tsattsauran ra'ayi da ke cewa wanda ya ci da taimako bai ci ba. Wannan magana kuwa ba ta da tushe a wajen mai wasan. Miyazaki ya ce tsarin taimakon ya samo shi ne wata rana da ƙanƙara ta tare motoci a kan tudu, ta baya ta tura ta gaba, wata ta zo ta tura shi, ya haye ya wuce ba tare da ya samu damar tsayawa ya yi godiya ba.

A 2022 wani ɗan wasa mai laƙabin Let Me Solo Her ya mayar da wannan sana'arsa. Jaruminsa ba sulke, tulu kife a kai, takubba biyu a hannu. Mutum ya kira shi, ya koma gefe, shi kuma ya kayar masa da Malenia. Da ya cika sau dubu, Bandai Namco ta aika masa da takobi na gaske kyauta.

Ko gwanayen ma an taɓa ƙure su. Ranar 21 ga Yuni, 2024, aka fitar da ƙarin wasan mai suna Shadow of the Erdtree, aka sayar da miliyan 5 cikin kwana uku. Amma a kasuwar Steam ra'ayin masu saye ya rabu, da yawa suna kukan cewa bosawan ba sa barin mutum ya numfasa. Kamfanin ya fito ya tunatar da mutane su tattara gutsattsarin da ke ƙara ƙarfi a sabon yankin, ya gyara lissafinsu cikin ƴan kwanaki, a watan Satumba kuma ya rage kaifin bos na ƙarshe. A 2025 masu wasan Lies of P na Koriya ta Kudu, wanda aka gina kan salon FromSoftware, suka saka matakan sauƙi a nasu. Masu ƙera wasannin suna sauraro, ko da ba su faɗa ba.

A ɗakin gem

Ɗakin gem a Maraɗi, kamar na Katsina ko Kano, yawanci shago ne guda: benci, talabijin biyu ko uku a jikin bango, injinan PlayStation, fanka, da janareta a waje. Ƙwallo ce sarauniya. Mutum biyu su biya, su zaɓi Real Madrid da Barcelona, cikin minti goma a san wanda ya ci, na baya su karɓi manet. Mortal Kombat ma haka. Wasan labari kuwa da lokaci ake biyansa, mai shago na duban agogo.

Elden Ring an gina shi ne kan cewa mutuwa kyauta ce, ka faɗi ka tashi ka sake har sai ka koya. Hakan gaskiya ne ga mai inji a ɗakinsa. Fitaccen mai watsa wasa kai tsaye ɗan Amurka, Kai Cenat, ya shafe fiye da sa'o'i 160 a 2024 kafin ya ga ƙarshensa. Saurayin da ya hau kabu-kabu daga Sarkin Yamma ya shigo birni da ƴan canjinsa, rabin sa'a ya saya. In ya kwashe ta yana faɗuwa a gaban bos guda, kuɗinsa sun tafi, gobe kuma ba lallai ya tarar da inda ya tsaya ba, domin wani ya hau injin bayansa. Idan irin wannan saurayi ya ce wasan bai yi masa ba, ba ragwanci ya nuna ba. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Mallakar wasan ma wani tudu ne. Dalar Amurka 60 aka sa masa da ya fito, wajen jikka 35 ke nan na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jikka 42 a farkon 2024. Wannan kuɗin faifai ne kawai, ba a zo kan inji ba. Ba a kuma buga shi a salula.

Shi ya sa wasan yaƙi mai labari da samarin karkara suka fi sani shi ne God of War, musamman guda biyun da aka yi wa ƙaramin injin PSP a 2008 da 2010, waɗanda manhajar PPSSPP ke buɗewa a wayar Android. Ba a sayen data dominsu, aboki ne ke tura wa aboki ta manhajar Xender a fada ana jiran shayi. Waɗannan wasanni suna da matakai daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, manhajar kuma tana barin mutum ya ajiye wasa a kowace daƙiƙa, ko a tsakiyar faɗa. Wato abin da ake ta gardama a kansa a Turai, matashin nan ya daɗe da shi a aljihu, kuma bai hana shi komawa ya gwada mataki mafi wuya don a san shi gwani ne ba.

Akwai kuma abin da fada ke da shi wanda mai wasa shi kaɗai a ɗaki ba shi da shi. Waya ɗaya, kawuna biyar. Wanda bos ya gagara sai ya miƙa wa na kusa, wani na cewa kauce, wani na cewa jininka ya kusa ƙarewa, ƙaramin cikinsu da ya haddace hanya yana nuni da yatsa. In an ci, duka aka ci. Babu mai cewa nasarar ba ta halatta ba don hannu uku suka taɓa wayar. Taimakon da Miyazaki ya wahala wajen ƙerawa ta intanet, a nan zaman tabarma ya samar da shi.

Wuta, data da harshe

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci. Layin da ke ciyar da Maraɗi daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta, ta yanke layukan, ba a maido ba sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Duk mai sana'ar da ta dogara ga kamfanin wuta NIGELEC ya ji a jikinsa, mai ɗakin gem kuwa kuɗin mai ya hau kansa. A ƙauyuka da yawa faifan sola da shagon cajin waya su ne madogara, saurayi kuma yana auna wasa da yawan cajin da ya rage.

Elden Ring ba shi da maɓallin dakatarwa na kai tsaye. In aka kira salla, ko Baba ya ƙwala kira daga zaure, Malenia ba ta jira. Sauƙin da wasan ya tanada kuma rabinsa a intanet yake. Saƙonnin gargaɗi da ƴan wasa ke bar wa juna a ƙasa sai an haɗa injin ake ganinsu. Kiran wani ya taya faɗa a PlayStation sai da rajistar PlayStation Plus, wadda ake biya da kati. Bidiyon YouTube da ke koya dabarun kowane bos suna shan mega kamar ruwa, ko a layin Airtel ne, ko Moov, ko Zamani. Injinan ɗakin gem galibi ba a haɗa su da intanet. Saboda haka wanda ya buga wasan a nan, ya buga wanda ya fi na ɗan Tokyo wuya.

Harshe ma haka. Muryoyin da Ingilishi suke, irin na da, mai nauyi. Akwai rubutun Faransanci, wanda ke taimakon ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, amma bayanin da ke nuna wane makami ya dace da wane jarumi a rubuce yake cikin dogayen jeri. Wanda bai yi nisa a lakwal ba sai ya bi hotuna ya cike sauran da tunaninsa, yadda mai wasan ya yi yana yaro.

Abin da ke tafe

Wahalar da ke koyarwa abin riƙewa ce, kuma masu kare ta suna da gaskiya. Abin da gardamar duniya ta kasa rabewa shi ne wahalar da mai wasa ya ƙera da gangan, da wadda talauci da rashin wuta suka ɗora a kanta. Ta farko tana sa mutum ya ƙware. Ta biyu tana hana shi farawa.

Masu ƙera wasanni a Afirka sun san ta biyun da kyau. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ya yi fama da ɗaukewar wuta kafin ya fitar da Aurion a 2016, wasan yaƙi mai labarin sarki Enzo da matarsa Erine. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni ya yi Les Héros du Sahel, mai jarumi Shamsou da ke samun ƙarfi daga rana. Duk matashin Maraɗi da zai bi sawunsu yana da darasi a gabansa: wasa ya yi wuya yadda ya so, amma ya hau ƙaramar waya, ya yi aiki ba data, ya bari a dakatar, ya yi magana da Hausa. Free Fire na kamfanin Garena ya mamaye wayoyin yankin nan ne domin yana gudu a waya mai araha, kuma zagaye guda minti goma ne.

FromSoftware ma ta fara matsowa. Elden Ring Nightreign, wanda ya fito ranar 30 ga Mayu, 2025, an tsara shi ne don mutum uku, ana gama zagaye cikin kusan minti 40, sai dai haɗuwar ukun ta intanet ce. A Fabrairun 2024 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Tencent na China, mai hannun jari a FromSoftware, yana aikin kawo Elden Ring kan salula, kyauta wajen saukewa, da sayayya a ciki. In hakan ta tabbata, ta wannan ƙofa wasan zai shigo Sarkin Yamma da ƴan uwanta na Madarunfa, Safo da Jiratawa. Abin da ƴan wasa za su sa wa ido shi ne me za a sayar. In tufafin jarumi ne da adon doki, gwaninta na nan a hannun mai naci. In kuwa ƙarfi ne da ƙarin jini, to ɗan mai kuɗi zai wuce Margit da kati, saurayin da ya sayar da zogale ya sayi mega kuma ya ci gaba da faɗuwa a bakin gada.